Auren Cikin Akwati

Tudun Wada, Kaduna
9 ga Afrilu, 1979

Yaya Rahmatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida Malam Rabi'u da yara duka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da wani haƙori da ya hana ni shan rake. Na san abin da za ki ce, wai Bamalli ba ya tuna mutum sai yana da buƙata. Gaskiya ne, ina da ita. Tunda kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, taubashiyata ce ke ko kin so ko kin ƙi, ni kuwa ban taɓa jin kunyar roƙonki ba.

Labari na farko, na bar kiɗan otal. Shekara shida ina rungume da jita mutane suna rawa, na fitar da faifai biyu, abin da na tsira da shi ciwon baya ne da sunan banza a gida. Wani Mista Olu, mai shirya wasan kwaikwayo a gidan talabijin, ya zo ya ji ni, ya ce fuskata ma ba ta da laifi. Yanzu kowace Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi ina cikin akwatin talabijin. Sunana a wasan Ɗanjuma, mai gyaran keke. Ki gaya wa Malam Rabi'u na ƙwace masa sana'a, duk da har yau ban iya cire taya ba.

Ga roƙon. Na ji hedimasta Ignatius ya sayi talabijin, kuma yana kamo Kaduna. Ranar Alhamis sha tara ga wata ina so ki kai Sakinatu can, ita da babanta Malam Mahmudu. Kin san ya ba ni ita, an sa rana bayan Babbar Salla, amma har yau in aka tambaye shi sana'ar surukinsa sai tari ya kama shi. Ina so ya gan ni da riga da hula ina aiki irin na mutane. Ita kuma Sakinatu ki ce mata akwai albishir a cikin wasan ranar, da ta gani za ta gane. Kada ki tambaye ni ko mene ne, domin magana ba ta kwana a bakinki.

Ni ne ƙanenki,
Bamalli

Suleja
21 ga Afrilu, 1979

Bamalli,

Muna lafiya, yara sun warke daga tarin da suka yi. Allah Ya sawwaƙe haƙorin. Gaisuwar ke nan, ba ni da natsuwar da zan ja ta.

Wane irin albishir ne wannan? Kwana biyu na yi ina lallashin Malam Mahmudu, don ya ce limamin unguwa ba ya zuwa kallon hoto mai motsi. Da ƙyar ya sa babbar rigarsa muka tafi bayan magariba. Hedimasta ya ba shi kujera mai hannu a gaba. Tsakar gida ta cika, injin wuta yana ta ƙara, eriya tana can a kan dogon gora. Ni da Sakinatu muna kan tabarma tare da mata.

Aka nuno ka a bakin rijiya kana yi wa wata doguwar mace waƙa. Ban damu ba, ai ka ce wasa ne, ni ma ina jin wasan kwaikwayo a rediyo. Sai hoton ya koma yayyafi, murya ta ɗauke. Hedimasta ya fita yana juya gora, mu muna ce masa dama, hagu, ya isa. Da hoton ya dawo sai ga zaure cike da maza, ga ƙwaryar goro, ga wani tsoho da rawani, ga ka a gefe ka sunkuyar da kai. Tsohon ya yi salati ya yi huɗuba, babu inda ya yi tuntuɓe. Da kunnena na ji ya ce an ɗaura auren Bamalli. Bai ce Ɗanjuma ba, Bamalli ya ce. Sannan ya ce a yi fatiha.

To ka san Malam. Ba ya jin fatiha ya bar hannunsa a cinya. Ya ɗaga hannu, maza suka ɗaga, aka shafa. Sai da hannunsa ya sauko daga gemu sannan ya gane abin da ya shafa. Ya juyo ya dube ni. Bamalli, da ƙasa ta tsage da na shige.

Hedimasta ya yi ta cewa, "Baba, wasa ne fa, na drama, ba aure gaskiya ba!" Malam ya ce, "Goron na wasa ne?" Ya ce a'a, ga alama goro ne. "Fatihar fa, akwai ayar da aka rage?" Ya ce shi bai sani ba, shi Kirista ne. Malam ya ce, "Ni na sani. Ba a rage ba." Ya sa takalminsa ya fita, bai ko jira a haska masa hanya ba.

Yanzu abin da ya fi damunsa, wai shi ma ya zama shaida. Ni kuma na rasa inda zan tsaya. Hankalina yana ce mini wasa ne, kunnena yana ce mini ya ji sunanka. Kuma kai ne ka rubuta da hannunka cewa akwai albishir. In aure ka yi ka faɗa mini kai tsaye, na fi son in ji daga bakinka. Sakinatu kuwa, ban ga fuskar tambayarta ba a hanya.

Wani abu, ka daina rubuta Abuja a bayan ambulan. An ba sabon birnin da za a gina sunan, mu yanzu Suleja ne.

Yayarka,
Rahmatu

Suleja
12 ga Mayu, 1979

Bamalli,

Lafiya muke, ruwa ya sauka, an fara shuka. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, domin shekaranjiya na gan ka a akwati kana cin tuwo har da lashe yatsu. Ita ce ta kawo maka, doguwar. Ta durƙusa ta ajiye, ka ce mata sannu da aiki. Kana da lokacin cin tuwo, ba ka da lokacin rubuto mini layi biyu.

Sati uku ke nan, kuma shirunka ya fi komai ɓata maganar. Mata suna tare ni a hanyar famfo suna yi mini barka, wai ƙanena ya yi amarya 'yar Kaduna. Wata mai daddawa daga Lambata, wadda ba ta taɓa ganin talabijin ba, ta rantse mini amaryar tana da ciki. Na ce wasa ne, ta ce to cikin ma wasa ne? Ni kuwa ban ga cikin ba balle in ƙaryata shi.

Malam Mahmudu ya zauna da malamai biyu a zaurensa, suka baje littattafai. Abin da suka fitar shi ne, aure da saki ba a yin su da wasa, wanda ya yi da wasa ya hau kansa. Ɗaya ya ce sai an san waliyyin matar, ɗaya ya ce tunda an kira sunan ango, an karɓa, an shafa, magana ta ƙare. Shi Malam ya ce ba ƙarin aure ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi, ka durƙusa a gabansa ka ce ba ka da kowa, sannan ka aiko a kira shi ya zo ya shafa fatihar wata. Ya ce in bai ji bayani ba kafin azumi, zai mayar da kayan sa rana. A gabana ya faɗa, ba ji na yi ba.

Sakinatu tana zuwa makarantarta tana koyar da yara, ta dawo ta yi girki. In na tambaye ta sai ta ce, "Ba komai, Yaya." Ta daina zuwa gidan hedimasta. Ina ganin kunya ce.

Ka rubuto.

Rahmatu

Tudun Wada, Kaduna
25 ga Mayu, 1979

Yaya Rahmatu,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. An cire haƙorin, na samu sauƙi. Wallahi na ba ki amsa tun ranar da takardarki ta farko ta iso, amma hannuna ya saba, na sake rubuta Abuja. Jiya ta dawo mini da hatimi huɗu a jikinta, ta je har sansanin masu awon sabon birni. Ki zage ni, na cancanta.

Yanzu ki saurara, ki kuma karanta wa Malam wannan daidai yadda na rubuta. Ban yi aure ba. Ban yi aure ba. Matar sunanta Ladi, matar aure ce, 'ya'yanta uku, mijinta Linus ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin kirki. Ranar da aka ɗauki ɗaurin auren ma yana tsaye a bayan kyamara yana cin goron yana dariya. Wanda ya zauna a matsayin waliyyinta direbanmu ne. Sadakin da aka miƙa takardar buhun siminti ce aka yanka aka naɗe. Zauren ma ba zaure ba ne, katako ne aka yi wa fenti, in kin jingina zai faɗi.

Maganar suna kuwa, wanda zai fito a liman zazzaɓi ne ya kwantar da shi ran nan. Mista Olu ya aika aka ɗauko wani ladani a unguwa, don ya san yadda ake yi. Tsohon ya san ni da Bamalli, jikokinsa suna damunsa da faifaina. An gaya masa Ɗanjuma sau biyar, da aka kunna fitilu ya rikice ya kira sunan da ya sani. Na ce a sake, Mista Olu ya ce kaset ɗin ɗaukar hoto ba shi da yawa, kuma babu wanda zai lura. Tuwon da kika ga ina ci kwana ya yi, ya yi sanyi, cinsa ma aiki ne.

Yaya, ke kin yi makaranta, har kina koya wa matan aure karatu. Yaya za a yi ke ma ki shiga cikin masu shakka? Abin ya ɗaure mini kai. Na aika a zo a gan ni ina aikin mutunci, sai ga shi na fi lalacewa a kan lokacin otal. Don Allah ki gyara mini. Ba ni da wanda zai shiga zauren Malam ya kuma shiga ɗakin Sakinatu sai ke.

Ƙanenki da ya rasa abin yi,
Bamalli

Suleja
4 ga Yuni, 1979

Bamalli,

Takardarka ta iso, wannan karon da adireshin mutane. Muna lafiya. Na karanta wa Malam daidai yadda ka rubuta, kuma yanzu ina cewa da na tsallake rabi.

Da na kai wurin da ka ce ba ka yi aure ba sai ya gyaɗa kai, na ce alhamdu lillahi a raina. Da na kai "matar aure ce" sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Matar wani aka ɗaura masa?" Na ce Malam ai ba a ɗaura ba. Ya ce, "Mijin yana ina?" Na ce yana wurin yana cin goro. Malam ya yi salati, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ran nan. Da ya ji tsohon ladani ne na gaske ba ɗan wasa ba, sai ya ce to shi ke nan, ɗan abin da yake riƙe da shi ma ya kuɓuce. Takardar siminti ce kaɗai ta ɗan sanyaya masa rai. Ya ce wannan aure ɓatacce ne tun daga tushe, amma ɓataccen ma sai an warware shi.

Kada ka ce ina cikin masu shakka. Na yarda da kai. Amma in ina zaune a gabansa yana jero dalilai sai in ji kamar shi ma yana da gaskiya, in na fito kuma in ji kamar dukanmu mun zautu.

Ga sharaɗinsa. A inda aka ɗaura, a nan za a kwance. Ka sake ta a cikin akwatin, da bakinka, a gaban mutanen da suka shafa fatihar, shi ma zai zo ya zauna a kujerar da ya zauna. Ya ce takarda ba ta isa ba tunda gari duka ya gani. In ka yi haka kafin azumi, ranar aurenku tana nan yadda aka sa. Na ce masa ba kai kake rubuta wasan ba, ya ce ka je ka roƙi mai rubutawar.

Na karanta wa Sakinatu ita ma. Ta yi murmushi a wurin katakon da zai faɗi. Ta ce, "Yaya, ni ai na san wasa ne tun ran farko." Na ce to madalla, ashe ke ba ki da damuwa. Sai ta ci gaba da tsince shinkafa.

Yayarka,
Rahmatu

Tudun Wada, Kaduna
18 ga Yuni, 1979

Yaya Rahmatu,

Gaisuwa da godiya, Allah Ya bar zumunci. Ina lafiya. A gaida Malam Rabi'u da yara.

An yi nasara. Kwana huɗu na yi ina bin Mista Olu. Ya ce masu kallo suna son Ɗanjuma da matarsa Hajara, wasiƙu suna zuwa buhu-buhu, yaya za a raba su wata biyu da aure? Ya ce in kawo masa wannan malamin ya ba shi aikin rubutu, tunda shi yake juya wasan daga Suleja. Ladi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta share hawaye ta ce, "Oga, ka bar shi ya sake ni, kada a ce na hana yarinya aure." Ita ce ta shawo kansa. Linus ya ce in an sake ta shi zai mayar, kada kowa ya riga shi.

Alhamis biyar ga Yuli za a nuna. Ɗanjuma zai zarge ta da abin da ba ta yi ba, ya sake ta. Na roƙa a bar ni in faɗa da ƙarfi, kusa da kyamara, don kada yayyafi ya cinye. Ki ce wa hedimasta ya ɗaure goransa tun da rana, ya kuma cika injinsa da mai.

Amma Yaya, takarda uku kika rubuto, ba ki gaya mini abin da Sakinatu ta ce a kan albishir ba. Duk kun bi ɗaurin aure kun manta. Albishir ɗin waƙar bakin rijiya ce. Tata ce. Shekara biyu da suka wuce na yi mata ita, na rera mata a soron gidansu ranar da ta fara ɗago kai ta dube ni. Ban taɓa sa ta a faifai ba, ban taɓa yin ta a otal ba. Ajiye ta na yi sai ranar da zan yi ta a wuri mai daraja, duk Arewa ta ji. Suna kawai na canza, na sa Hajara a inda Sakina take, don wasan ya tafi daidai. Ban gane shirunta ba. Ki tambaye ta, ko murya ta ɗauke ne a wurin ba ta ji ba?

Ƙanenki,
Bamalli

Suleja
8 ga Yuli, 1979

Bamalli,

Muna lafiya, jiki dai. Zan fara da mai daɗin, don shi ne gajere.

An gani. Hoto ya fito tar, ko ɗigon yayyafi babu, mutane har kan katanga. Malam ya zauna a kujerarsa. Ka daka wa matar nan tsawa ka ce ka sake ta, ta faɗi tana kuka ta riƙe ƙafarka, ka fizge. Mata suka yi ta tsine maka, ni ma na tsine maka kaɗan kafin in tuna. Malam ya juya ya ce wa maza, "Kun ji?" Suka ce sun ji. Ya ce alhamdu lillahi, ya sauke nauyi. Ya ce dai a gaya maka ba haka ake sakin mace ba, a kuma gaya wa Linus ya jira ta gama idda. Ranar aure tana nan, in ji shi.

Jiya na tafi wurin Sakinatu da guɗata a baki. Na same ta tana gugar kayan makaranta. Na gaya mata albishir ɗinka, na ce ko murya ta ɗauke ne ba ki ji ba? Ta ajiye dutsen guga ta ce, "Na ji, Yaya. Babu kalmar da ta wuce ni."

Zan rubuta maka maganarta yadda ta faɗa. Ta ce auren akwati bai taɓa damunta ba, wannan tsakanin Baba ne da littattafansa. Ta ce ranar da ka yi mata waƙar a soro, da ka kai baiti na uku muryarka ta yi rawa, ka tsaya, ka kama kunnenka na hagu, sannan ka ci gaba. Ta ce ba waƙar ce ta sa ta yarda da kai ba, waƙa kowa ya san ka iya. Rawar muryar ce. A ranta ta ce wannan bai shirya shi ba, wannan ya fi ƙarfinsa. Shekara biyu tana riƙe da shi, duk abin da aka faɗa mata a kan makaɗan otal sai ta tuna da shi ta bar masu faɗa su gaji.

"To Yaya," in ji ta, "a bakin rijiya, baiti na uku, muryarsa ta yi rawa. Ya tsaya. Ya kama kunnen hagu. Yana kallon Ladi."

Ta ce ta san Ladi ba ta da laifi, ba ita ce maganar ba. Tambayarta ɗaya ce: in kana iya kawo shi duk lokacin da aka kunna fitila, na soron wanne ne? Ranar Alhamis ma ashe ta je, ta tsaya a baya, ta ga yadda ka fizge ƙafa, ta ce har wannan ma ka iya shi. Ta buɗe akwatin kayanta ta ɗauko takardar da ka rubuta mata waƙar, ta ce in mayar maka tunda yanzu ta kowa ce. Ga ta nan a ciki. Ba ta ce ta fasa ba, amma ta ce kada a fara ɗinkin kaya, kuma ka san Malam ba zai tilasta mata ba.

Wata uku muna fama da malamai da gora da siminti, ashe ba can ciwon yake ba. Ni da nake shiga ɗakinta kullum na ce kunya ce. Raina ya ɓaci da kaina, na kuma ji tausayinku ku biyun. Yau Malam Rabi'u ya yaba miyata, na tsaya ina kallon fuskarsa har ya tambaye ni ko lafiya. Ka ba ta amsa, ni ba ni da ita.

Rahmatu

Kaduna
13 ga Yuli, 1979

Yaya,

Na samu. Ba zan ce lafiya lau ba.

Takarda huɗu na fara na yaga. Duk sun yi daɗi. Ta farko har da baiti a ciki, da na karanta na ga irin maganar Ɗanjuma ce.

Ban san ina kama kunne ba. Wallahi ban sani ba sai da kika rubuto. Na tambayi Ladi, ta ce e, kana yi, sau uku muka gwada wurin kafin a ɗauka, duk ukun ka yi. Na ce muryar fa? Ta ce ita ma. Na koma ɗaki na ɗauki jita na rera ni kaɗai, ba Ladi ba fitila. Baiti na uku, ta yi rawa. Na sake, ta sake. Na so in rubuta cewa Sakinatu nake tunawa shi ya sa. Wataƙila haka ne. A rijiya na tuna ta, amma na kuma tuna inda kyamara take, da cewa kada in ba ta baya. Duka biyun suna kaina lokaci ɗaya. A soro ba kyamara, amma na san tana kallona kuma ina so ta yarda. Ko na ji muryar ta fara rawa ne na bar ta don na ga tana aiki? Ban sani ba. Na yi ta neman ranar a kaina ban same ta yadda take ba.

Abin da na sani, takardar waƙar nan da ta dawo tana kan tebur, na kasa taɓa ta, kuma babu mai kallona.

Mista Olu ya samu fim na silima, na farkonsa, ya ba ni babban wuri a ciki. Za mu zo gindin Dutsen Zuma ranar ashirin ga wata, mu yi kwana uku muna ɗauka. Daga can zuwa ƙofar Malam ko a keke ba nisa. Ban san ko in shigo ba. In na shigo ban san me zan ce ba, don duk abin da na faɗa da kyau zai zama shaida a kaina. Kada ki karanta mata wannan, takardar ba ta da kan gado.

Bamalli

Suleja
21 ga Yuli, 1979

Bamalli,

Sannu da zuwa. Muna lafiya. Na ba Malam Rabi'u wannan ya kawo maka Zuma da kansa, na gaji da jiran gidan waya.

Ka ce kada in karanta mata. Kai ne ka ce magana ba ta kwana a bakina. Na karanta mata duka, har wurin da ka ce kada in karanta. Ban gyara komai ba, ko da yake bakina ya yi ta ƙaiƙayi.

Ta saurara ba ta motsa ba. Da na gama na ce, kin ga, bai ma ba ki amsa ba. Ta ce, "E, bai ba ni ba." Ta karɓi takardar ta duba inda ka soke layi biyu da inda tawada ta zuba. Ta ce tun da ta san ka, ba ka taɓa aiko da abu marar daɗin ji irin wannan ba. Na miƙa hannu in karɓa, sai ta ninke ta, ta buɗe akwati, ta sa ta a inda waƙar take a da.

Ni dai ban gane ba, na kuma daina cewa na gane. Na tambaye ta ko a fara ɗinki, ta ce tukuna. Na ce to me zan gaya masa? Ta ce ka zo gobe bayan la'asar, za ta fito soro. Ka cire kayan fim, ka wanke fuska, ka bar jitar a Zuma.

Ta ce in ba ka san abin da za ka ce ba, ka zo a haka.

Yayarka,
Rahmatu